Sharhi: Maganin sa barci da ingancin gwajin babban hanji a kudancin Kaduna

Matakin da Gwamnatin Tarayya ta ɗauka a shekarar 2025 na mayar da Asibitin Sir Patrick Ibrahim Yakowa da ke Kafanchan Cibiyar Lafiya ta Tarayya ya farfaɗo da fatan al'ummar kudancin Kaduna na samun gwaje-gwajen ƙwararru kusa da gida. An daɗe ana ganin marasa lafiya daga Kagoro da Zonkwa da Kachia suna bin hanyar da ta ratsa Sabon Tasha zuwa Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a Kaduna, ko kuma su wuce Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, domin ganin likitan da ya ƙware a cutarsu.

Daga cikin gwaje-gwajen da ake yi wa irin wannan tafiya har da kolonoskopi, wato leƙa babban hanji da na'ura. Likita kan zura siririn bututu mai kyamara ta dubura, ya bi hanjin da tsawonsa ya kai kimanin mita ɗaya da rabi, yana neman ƙananan tsiro da kan rikiɗe su zama sankara bayan shekaru. Idan ya ga tsiron, sau da yawa yakan cire shi nan take.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa sankarar babban hanji ita ce ta uku a yawa a duniya, kuma ta biyu wajen kisa. A shekarar 2020 an samu sababbin masu cutar fiye da miliyan 1.9, yayin da fiye da 930,000 suka rasu. A Najeriya, yawancin masu cutar kan isa asibiti bayan ta yi nisa, domin da dama kan ɗauki zubar jini ta dubura a matsayin basur, su shafe watanni suna shan jiƙo.

Wanda aka rubuta wa wannan gwaji yakan fara tambaya ne ko za a sa shi barci. Tambayar tana kan hanya, domin tsoron zafi da jin kunya na hana mutane da yawa zuwa. Hanyoyi uku ne likitoci ke bi.

Ta farko ita ce a yi gwajin mutum yana farke, babu wani magani. A ƙasar Norway an saba da wannan hanya. Mara lafiya na iya juyawa idan likita ya buƙata, kuma yana iya komawa harkokinsa a ranar. Amfani da ruwa ko iskar kabon dayoksaid wajen buɗa hanjin, maimakon iskar da aka saba, na rage zafin.

Ta biyu ita ce allurar kwantar da hankali, galibi midazolam haɗe da maganin kashe zafi irin su pethidine ko fentanyl. Mutum kan yi gyangyaɗi amma yana amsa magana, kuma sau da yawa ba ya tuna abin da ya faru. Waɗannan magunguna suna da makari: flumazenil na karya midazolam, naloxone kuma na karya masu kashe zafin.

Ta uku ita ce barci mai nauyi da propofol, wadda ta yaɗu a Amurka. Yana aiki da sauri, yana sakin mutum da sauri, kuma marasa lafiya sun fi gamsuwa da shi. Sai dai ba shi da makari, kuma yana iya rage numfashi da saukar da bugun jini cikin ɗan lokaci. Shi ne maganin da ya yi sanadin mutuwar mawaƙin Amurka Michael Jackson a 2009, bayan an ba shi a gida ba tare da cikakkun kayan sa ido ba.

Abin lura shi ne binciken da aka yi ta kwatanta waɗannan hanyoyi bai tabbatar da cewa barci mai nauyi na sa likita ya gano tsiro fiye da allurar kwantar da hankali ba. Ma'aunan ingancin gwajin wasu ne daban.

Na farko, tsabtar hanji. Idan mara lafiya bai sha maganin wanke ciki yadda aka umarce shi ba, ko ya ci wake da ganye da kuɓewa gab da ranar, ko ya sha abu mai ja kamar zoɓo, likita ba zai ga bangon hanjin sosai ba. Na biyu, isa ƙarshen hanya, wato inda ƙaramin hanji ya haɗu da babba. Ƙa'idar ƙwararru ita ce likita ya kai wurin a aƙalla kashi 90 cikin 100 na gwaje-gwajensa. Na uku, lokacin janyo bututun, domin a nan ne ake duba hanjin a tsanake. An daɗe ana amfani da ma'aunin minti 6, kuma a 2024 ƙungiyoyin ƙwararru na Amurka suka ɗaga shi zuwa minti 8.

Na huɗu, yawan tsiron da likita ke ganowa. Wani bincike da aka wallafa a mujallar New England Journal of Medicine a 2014 ya nuna cewa duk ƙarin kashi 1 cikin 100 a wannan ma'auni na tafiya da raguwar kashi 3 cikin 100 na haɗarin ɓullar sankara bayan gwajin.

Duk da haka, maganin yana da tasa rawar. Mara lafiyar da zafi ya hana shi natsuwa na iya tilasta wa likita tsayawa a rabin hanya, kuma gwajin da bai kai ƙarshe ba dole a maimaita shi. Ga mai fitowa daga ƙauyukan Jema'a ko Zangon Kataf, hakan na nufin sabon kuɗin mota da na gwaji da na wanke ciki. Haka kuma duk wanda aka yi wa allurar yana buƙatar ɗan rakiya, kuma ba a so ya tuƙa mota ko babur sai bayan awa 24.

Babban ƙalubale shi ne ma'aikata. Ƙungiyar likitocin sa barci ta duniya ta ba da shawarar a samu aƙalla likitoci 5 ga kowane mutum 100,000, amma ƙidayar da ta wallafa a 2017 ta nuna Najeriya ba ta kai ko ɗaya ba, ga kuma ficewar likitoci zuwa ƙetare. A irin wannan hali, asibitin da ya rungumi propofol ba tare da ƙwararren da zai tsaya kan numfashin mara lafiya, da iskar oksijin, da na'urar auna ta a jini ba, ya ɗora wa mara lafiya haɗarin da bai zama dole ba.

Saboda haka aikin da ke gaban sabuwar cibiyar Kafanchan, da sauran asibitocin gwamnati da masu zaman kansu daga Sabon Tasha zuwa Kwoi, ya wuce sayen na'ura. Akwai buƙatar horar da likitoci da ma'aikatan jinya, da fassara umarnin wanke ciki zuwa Hausa da harsunan yankin, da rubuta sakamakon kowane gwaji ta yadda za a iya auna aikin kowane likita. Hukumomin inshorar lafiya na jiha da na tarayya su ma suna da ta cewa, domin kuɗin gwajin da na maganin barci na cikin abubuwan da ke mayar da talaka gida.

Shi kuwa mara lafiya, yana da haƙƙin ya tambayi wane magani za a ba shi, da wanda zai sa ido a kan numfashinsa. Bayan an gama, ya nemi rahoto a rubuce da ke bayyana ko hanjin ya wanku, ko an kai ƙarshensa, da abin da aka gani. Wanda ke ganin jini a bahaya, ko canjin da ya ƙi wucewa a yadda yake fita, ko rama marar dalili, kada ya bari tsoron zafi ya jinkirta masa ganin likita.