Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugabannin Ma'aikatu da Kamfanoninmu a Kan Shirun Majalisa

Duk wanda Allah ya ɗora wa nauyin jama'a a cikinku, ko babban sakatare ne a ma'aikatar gwamnati, ko manajan kamfani, ko shugaban jami'a ko na asibiti, ko kuwa shugaban ƙungiyar manoma da ke zamanta a gindin darbejiya, ina neman izininku in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Na shafe shekaru ina zaune a ƙarshen teburi da alƙalami a hannu ina rubuta rahoton tarurrukan kwamiti, kuma mai wannan aiki yakan ji abin da aka faɗa, yakan kuma lura da abin da aka haɗiye. Al'amarin kuwa shi ne shirun nan da kan biyo baya idan shugaba ya gama bayyana ra'ayinsa, ya dubi dama da hagu ya ce, "Akwai mai magana?", shirun da mu marubuta mukan juya shi a takarda mu ce an amince baki ɗaya.

Tun da Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta sai ka shafa wa naka ruwa, bari in kawo muku ƙissar wata majalisa da aka yi a ƙasar Amurka a daren 27 ga Janairu, 1986, wadda hukumar bincike ta bi diddiginta ta rubuta, har ya zama mun san wanda ya ce kaza da wanda ya yi shiru fiye da yadda muka san tarurrukan ofisoshinmu. Hukumar sararin samaniya ta ƙasar, wato NASA, ta ƙuduri aniyar harba kumbon Challenger washegari daga jihar Fulorida, bayan an ɗaga ranar sau da dama, alhali masu hasashen yanayi sun ce za a kwana da sanyin da ba a saba gani ba a wannan yanki. Rokoki biyu da ke ɗaga kumbon, kamfanin Morton Thiokol na jihar Yuta ne ya ƙera su gaɓa-gaɓa, kuma a kowace mahaɗa akwai zoben roba da ke toshe kafa don kada zazzafar iska ta ɓulla. Roba kuwa, kamar yadda duk mai facin taya ya sani, idan ta sha sanyi takan sandare ta daina komawa mazauninta da sauri. Wani injiniyan kamfanin, Roger Boisjoly, ya riga ya rubuta wa shugabanninsa takarda tun ranar 31 ga Yuli, 1985, yana gargaɗin cewa muddin ba a gyara wannan aibi ba to ana iya asarar rayuka.

A daren aka haɗa wurare uku ta wayar tarho, da kamfanin a Yuta, da cibiyar Marshall a Alabama, da filin harbawa a Fulorida. Injiniyoyin kamfanin suka ba da shawarar kada a harba idan sanyin zoben ya sauka ƙasa da digiri 53 a ma'aunin Faranhait, kimanin 12 ke nan a ma'aunin Salshiyas, domin wannan ne sanyi mafi tsanani da aka taɓa harbawa a cikinsa, a Janairun 1985, kuma a wancan karon an tarar da baƙin hayaƙi ya keta zoben. Manyan NASA ba su ji daɗin maganar ba. Ɗaya daga cikinsu, Lawrence Mulloy, har ya tambaya cikin fushi ko so ake ya jira sai watan Afrilu, suka kuma kafa hujja da cewa an taɓa ganin irin wannan ɓarna a wata harbawa da aka yi cikin ɗumi. Sai shugabannin kamfanin suka nemi a ba su minti biyar su keɓe, minti biyar ɗin ya zama kusan rabin sa'a, kuma a cikin wannan keɓewa ne babbansu, Jerald Mason, ya ce lokaci ya yi da za a yanke hukunci irin na manajoji, ya umarci shugaban sashen injiniyoyi, Robert Lund, da ya tuɓe hular injiniya ya sa ta manaja. Mutum huɗu suka yanke, injiniyoyin da suka san zoben suna zaune a ɗakin ba a ƙidaya su ba. Da aka koma kan waya aka sanar cewa kamfani ya yarda a harba, wani jami'in NASA ya tambaya ko akwai mai wani ra'ayi dabam, aka yi tsit. Washegari da ƙarfe 11:38 na safe kumbon ya tashi, bayan daƙiƙa 73 ya tarwatse a sama da mutum bakwai a cikinsa, ciki har da malamar makaranta Christa McAuliffe, ɗalibai suna kallo a talabijin.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a cikin wannan ƙissa, ya ku shugabanni, shi ne babu jahili ko ɗaya a majalisar, babu kuma wanda ya kwana da niyyar kashe kowa, an kuma bi dukkan ƙa'idojin zama, an saurari masana, an sa hannu a takarda. Wurin da aka karkace, wanda duk ɗalibin fiƙihu zai gane shi nan take, shi ne an juya nauyin hujja. Malamanmu sun karantar da mu cewa kawo shaida yana wuyan mai da'awa ne, kuma a al'adar NASA, wanda ke cewa a harba shi ne mai da'awa, shi zai tabbatar da cewa babu hatsari. Amma a wannan dare sai aka ce wa masu tsoro su tabbatar da yaƙini cewa zoben zai gaza, abin da ba ya cikin ikonsu tunda ba a taɓa gwada shi a irin wannan sanyi ba. Ni kaina na sha ganin haka a wani ofis da ba zan ambata ba, inda ƙaramin akawu zai ce lissafin kwangila bai yi masa daidai ba, sai a ce ya kawo hujja kafin a tashi, alhali mai neman a saki kuɗin ba a tambaye shi ko da rasiɗi ɗaya ba.

Sa'an nan ga mas'alar shirun kanta. Malaman usulu sun yi dogon saɓani a kan abin da suke kira ijma'in shiru, wato mujtahidi ya faɗi hukunci sauran su ji su yi shiru, kuma da yawa daga cikinsu, musamman a mazhabar Imamu Shafi'i, sun ƙi ɗaukar wannan a matsayin yarda tabbatacciya, saboda mutum yana iya yin shiru don tsoro, ko don kwarjinin mai magana, ko don bai gama nazari ba, ko don ya fid da tsammanin za a saurare shi. Idan an yi wannan taka-tsantsan game da manyan malamai waɗanda ba su cin abinci a hannun juna, ina ga ma'aikacin da ƙarin girmansa da canjin wurin aikinsa da kuɗin makarantar 'ya'yansa duk suna ƙarƙashin alƙalamin wanda ya yi tambayar? Mu kuma nan muna da ƙarin wani nauyi, domin an raine mu a kan kunya da ladabi, yaro ba ya musu da babba a bainar jama'a, muna kuma yawan jawo karin maganar nan cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Gaskiya ce a sha'anin zaman duniya da halayen mutane, ban musa ba. Sai dai idan magana ta zo kan tsagewar ginshiƙin gada, ko maganin da ya lalace a sito, ko injin da ya canja ƙara, wanda hannunsa ke kan abin shi ya hango, ko da shekarunsa ba su kai na ɗan autan shugaba ba.

Ba ma buƙatar aron darasin daga ƙetare gaba ɗaya, domin littattafan sira sun kawo cewa a Badar, shekara ta 2 bayan hijira, Hubabu ɗan Munziru ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko wurin da aka sauka umarnin wahayi ne ko kuwa dabarar yaƙi, da aka ce masa dabara ce sai ya nuna wani wuri kusa da rijiyoyi, aka tashi aka koma can. Haka kuma a shekara ta 5 shawarar Salmanu Bafarise ce ta sa aka haƙa ganuwar rami a Madina. A kan wannan nake roƙonku, idan kun zauna majalisa, ku fara bayyana wa mutanenku ko al'amarin an riga an yanke shi ne ana sanar da su, ko kuwa har yanzu a buɗe yake, domin kiran mutane shawara a kan abin da aka gama a falon shugaba daren jiya yana koya musu zama 'yan amshin Shata. Idan a buɗe yake, to shugaba ya riƙe ra'ayinsa a ciki har ƙarshe, a fara da mafi ƙanƙanta a muƙami, a kira shi da sunansa a tambaye shi, tunda da wuya ya ɗaga hannu da kansa bayan mai gida ya nuna inda ya karkata.

Ban ce duk wanda ya ɗaga murya a dakatar da aiki saboda shi ba. Injiniyoyin nan ma a gurguje suka haɗa takardunsu, alƙalumansu ba su fito da alaƙar sanyi da ɓarnar zoben ƙarara ba, kuma ma'aikatar da ke jiran yaƙini a kowane abu ba za ta taɓa aza tubali ba. Bayan shawara dole a yi azama, azama kuwa ta shugaba ce. Abin da nake nema ƙarami ne: idan kun saɓa wa masani, a rubuta saɓaninsa da dalilinsa a cikin rahoto, a kuma haura da shi zuwa ga na sama tare da hukuncin. Hukumar binciken da William Rogers ya shugabanta ta gano cewa manyan jami'an da suka ba da izinin ƙarshe ba a gaya musu cewa injiniyoyin kamfanin sun ƙi amincewa da farko ba, labarin ya mutu a matakin tsakiya. Wakilin kamfanin a Fulorida, Allan McDonald, ya ƙi sa hannu a takardar amincewa, da ya faɗi gaskiya a gaban hukumar sai aka kawar da shi daga muƙaminsa, har sai da 'yan majalisar dokoki suka sa baki. Boisjoly kuwa bai ƙara jin daɗin zama a kamfanin ba, ya bar shi. Ku sani ma'aikatanku suna kallon abin da kan sami irin waɗannan mutane, da shi suke auna ko za su buɗe baki gobe. Bayan hatsarin Challenger an dakatar da harba kumbunan har watanni 32, an gyara mahaɗar rokokin, amma ranar 1 ga Fabrairu, 2003, kumbon Columbia ya tarwatse yana dawowa da wasu mutum bakwai, bayan injiniyoyi sun nemi a ɗauko musu hoton fiffikensa yana sama, manajoji suka ga babu buƙata.

Ni dai a nawa ɓangaren ina neman gafarar Allah a kan sau nawa na rubuta "baki ɗaya" alhali na ga wani ya sunkuyar da kai yana juya alƙalami, na kuma same shi bayan an tashi yana faɗa mini a bakin mota abin da ya kasa faɗa a ɗaki. Idan akwai mai rubuta muku rahoto a yanzu, ku kira shi shi kaɗai ku tambaye shi su wane ne suka yi shiru a zaman da ya wuce, zai gaya muku sunayensu.

Allah ya yi muku jagora, ya sauƙaƙa muku nauyin da ke kanku. Haza wassalam.

Naku mai biyayya,
Wani tsohon magatakardan kwamiti