A Duba Fayil Kafin a Bar Shago

A kasuwar Black Market ta Adjamé da ke Abijan, matashi kan biya a zuba masa wasan kwamfuta, ya isa gida Treichville, wasan ya ƙi buɗewa. In ya koma, mai shago ya ce, "Ai na'urarka ce." Kora ce kawai. Yankewar intanet kan gutsure fayil, ido kuwa ba ya ganin giɓin. Lambar SHA-256, mai alamomi 64, ita ke tona shi: muddin ta saɓa da ta asali, fayil ya lalace. Steam ma na da maɓallin tantancewa, wanda ke sake sauko da ɓangaren da ya ɓaci kaɗai. Wanda ya karɓi kuɗi shi ya kamata ya gwada, a gaban mai saye.