Zazzaɓin Kwari da Mace Mai Juna Biyu

'Yan uwana ɗalibai, kada ku karanta sunan nan da ƙ mai lanƙwasa, domin ba ƙwari ne ke kawo ciwon ba. Daga kwarin San Joaquin na jihar Kalifoniya a Amurka ya samo suna, ko da yake Arizona ce ta fi yawan masu kamuwa.

Wata irin funfuna ce da ke cikin busasshiyar ƙasa. Idan iska ta tayar da ƙura mutum ya shaƙa, sai ta sauka a huhu. Kusan kashi 60 cikin 100 ba sa jin komai.

Amma ga mai juna biyu abin ba wasa ba ne, musamman a watanni uku na ƙarshe da kuma bayan haihuwa. Ciwon yana iya barin huhu ya shiga fata da ƙashi, har ya zama sanƙarau. Maganin ma sai an yi hattara. A 2011 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa shan fluconazole mai yawa na tsawon lokaci a watanni uku na farko yana iya nakasa jariri. Shi ya sa likitoci kan koma ga amphotericin B ta jijiya.

Me ya shafe mu? Baƙar fata suna cikin waɗanda ciwon ya fi bazuwa a jikinsu, ga kuma matanmu suna zuwa can karatu ko haihuwa. A ganina, mai shirin tafiya ta san wannan tun kafin ta sayi tikiti. Idan kuwa ta dawo tana tari, ta gaya wa likita inda ta je, domin a nan tarin fuka za a fara zato.