Yaushe Muka Zama Maroƙan 'Yan Bindiga?

'Yan uwa Musulmi, yau da zarar an yi harbi a wani ƙauye na ƙasar Jibiya, kafin a gama haƙa kabari hoton gawa ya riga ya isa Maraɗi da Kano. Mutum ya tarar da ɗan uwansa kwance cikin jini, maimakon ya suturta shi, sai ya zaro waya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Har ta kai mace kan fara ganin gawar mijinta a WhatsApp kafin dangi su sanar da ita.

To, wa ke cin ribar wannan? Jarin ɗan ta'adda tsoro ne. Duk bidiyon da muka tura, mun kai masa saƙo ƙauyukan da ƙafarsa ba ta taka ba, su kwashe su gudu ko su tara masa harajin da ya yanka. Yau yaro ya fi sanin sunan Bello Turji a kan na hakiminsa. Shi kuwa ƙaramin ɓarawo da ke daji yana kallo, me zai yi in ba ya kashe fiye da na wancan ba, don shi ma a ambace shi?

Wannan ba zato ba ne. Azzalumin da ya kashe masallata 51 a Christchurch, ƙasar New Zealand, a 2019, kai tsaye ya haska ta'asarsa a Facebook, kuma wanda ya harbe baƙar fata 10 a birnin Buffalo na Amurka a 2022 da shi ya yi koyi. Shugabar gwamnatin New Zealand ta lokacin, Jacinda Ardern, ƙin furta sunan makashin ta yi. Mu kuwa kirari muke wa namu.

Ga kasuwa ma ta sha. Tsohon bidiyo guda, wataƙila na wata jihar ne, ya isa ya hana fataken Ɗan Isa ƙetare Magama.

Kada mahukunta su ɗauka toshe baki muke goya wa baya. A Satumbar 2021 sun katse layukan waya a Jibiya, talaka ya rasa hanyar neman agaji, kisa kuma bai tsaya ba. A faɗi sunan ƙauye, a faɗi yawan waɗanda aka kashe, a tsare gwamnati da tambaya. Amma fuskar makashi da al'aurar mamaci, me suka ƙara wa labari?

Mutanen Shimfiɗa da suka kwararo Jibiya a 2022 bayan an janye musu sojoji, an sha ɗaukar su hoto. Cikin waɗanda suka yaɗa hotunan, mutum nawa ne ya koma ya ji ko sun samu yin noma a daminar?