Wankin Mota: A Wajen Goga Ake Yin Ɓarnar



Duk wanda ya bi Titin Zariya da safiyar Asabar, daga Dangi zuwa wajen Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko ya shiga Court Road a Gyaɗi-Gyaɗi, zai ga masu wankin mota sun duƙufa. Haka abin yake a kewayen kasuwar Tarauni. Da yawa daga cikin masu riƙe da bokiti da soso sa'anninku ne, masu neman kuɗin littafi da na mota a ƙarshen mako. Wasunku kuma motar Baba ko ta Yaya kuke wankewa a ƙofar gida.

Kwanakin baya mun tsaya a wani wurin wanki muna jiran layi. Wani yaro ya wanke baƙar mota tas, ya ɗauki tsumma zai goge, sai tsumman ya faɗi ƙasa. Ya ɗauka ya kakkaɓe sau biyu, ya ci gaba da murza murfin inji da ƙarfinsa. Da aka fito da motar cikin rana, sai ga zane-zane sirara sun zagaye hasken kamar yanar gizo-gizo. Mai motar bai yi faɗa ba. Ya biya kuɗinsa, ya ce wa mai wurin, “Malam, daga yau a ba wani yaron.” Yaron ya yi tsuru-tsuru, don shi a saninsa ƙwazo ya yi.

Me ya faru? Fentin motocin zamani hawa-hawa ne. Akwai shafen farko da ke kama ƙarfe, sai mai launi, sai na sama wanda yake garau kamar gilashi, shi ne mai ƙyalli. Kaurin wannan na sama bai cika wuce maikuron 40 zuwa 50 ba, alhali maikuron 1,000 ne ke yin milimita ɗaya. Wato kusan rabin kaurin takardar littafin rubutunku ke nan. A kan wannan ɗan siririn abu muke ɗora hannu.

Ita kuwa ƙurar Kano ba ta da wasa. Wadda iskar hunturu ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, da wadda tayoyi ke tayarwa a titi, duka suna ɗauke da ƙwayoyin kwaz, wato dangin dutsen ƙanƙara. A ma'aunin taurin ma'adinai da Bajamushe Friedrich Mohs ya tsara a 1812, farcen mutum yana wajen 2.5, gilashi wajen 5.5, kwaz kuwa 7. Abin da ke iya karce gilashi, ina ga fenti? Lokacin wanki, ruwa da kumfa suna sa ƙwayoyin su zame. Lokacin goga kuwa kumfa ta tafi, saura tsumma da fenti da duk ƙwayar yashin da ta maƙale a tsakaninsu. Idan aka danna aka murza, tsumman ya koma samfefa.

Wani zai ce, to a bar rana ta busar da ita mana. Nan ma akwai matsala. Ruwan rijiya da na burtsatse suna ɗauke da narkakkun ma'adinai irin su kalsiyam. Ruwa zai tashi ya bar su, su zama fararen ɗigo-ɗigo, kuma a kan ƙarfe mai zafi suna iya cin fentin. Saboda haka goga dole ce, amma da dabara.

A fara da neman inuwa, ko a yi aikin da sassafe kafin jikin mota ya ɗauki zafi. Bayan sabulu a ɗauraye sosai. A ɗauraya ta ƙarshe kada a watsa ruwan da ƙarfi. A kwarara shi a hankali daga rufi, da tiyo ko da kofi, ya gangaro a shimfiɗe. Zai janye yawancin ɗigon da ke jiki, aikin tawul ya ragu.

Sai zaɓen abin goga. Tsohuwar singileti da guntun atamfa ba su da gashin da ƙura za ta shige, sai ta zauna a samansu tana jan layi. Tawul ɗin maikurofaiba, wanda ake samu wurin masu kayan mota, yana da gashi sirara masu shan ruwa da ɓoye ƙura. A cire ɗan ƙyallen tambarin da ke gefensa. A jiƙa shi a matse, a ninka gida huɗu, sai a sami fuska takwas. A shimfiɗa shi a kan rufi ko murfin inji, a ɗan daddanna, a ɗaga. Ko a kama bakinsa biyu a jawo shi a miƙe, nauyinsa kaɗai ya isa. Ban da murza shi a zagaye. Idan fuska ɗaya ta yi datti a juya wata.

A bi daga sama zuwa ƙasa: rufi, gilasai, murfin inji da but, ƙofofi, sannan gindin ƙofofi da bamba, inda datti ya fi taruwa. Taya da wili a ware musu tsummansu daban, mai wani launi don kada a rikice. Tawul ɗin da ya taɓa ƙasa ya gama aikin ranar, kakkaɓa ba ta fitar da yashi. A wanke shi shi kaɗai, a shanya inda ƙura ba ta kai wa. Zobe da agogo a cire, a kuma kula da kan bel lokacin da ake miƙa hannu zuwa rufi. Daga ƙarshe a buɗe ƙofofi a tsane ruwan da ke ɓuya a bakinsu da ƙarƙashin madubi.

Idan kuma ƙwarzanen ya riga ya faru, a gwada shi da farce a hankali. In farce bai maƙale ba, galibi a saman yake, gwanin folish zai iya batar da shi, ko da yake kowane folish yana rage kaurin fentin. In ya maƙale, sai mai fenti. Ko wanne ne, a faɗa wa mai motar kafin ya gani da kansa. Motar da aka miƙa maka makullinta amana ce, kuma mutum ya fi saurin yafe kuskuren da aka gaya masa a kan wanda ya gano bayan ya isa gida.

Ga aikin wannan mako. Ku samo tsohon faifan CD, ku goga rabinsa da tsumman da kuke goge mota, ɗaya rabin da tawul mai tsabta, sannan ku haska fitilar waya ku duba. Ku rubuto mana abin da kuka gani, tare da sunan makarantarku da ajinku. Sai mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu.