Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Daga Tabla Zuwa Ga Gwamnan Jihar Tillaberi Kan Tutar Ƙasa

Ranka ya daɗe,

Mai wannan wasiƙa na rubuto ta ne daga Tabla, a kan hanyar da ta taso daga Yamai ta bi Baleyara ta nufi Filinge. Maganar da ke tafe da shi ba ta rijiya ba ce, ba kuma ta taki ba, ko da yake duka biyun suna damun jama'a. Maganar tutar Nijar ce da tambarinta, da yadda yaran karkara ke tsayawa gabansu kowace safiya ba tare da an gaya musu abin da suke kallo ba.

Duk wanda ya ratsa makarantun ƙauyukan wannan yanki ya ga abin da ake nufi. Sanda ce a tsakar fili, an kewaye gindinta da duwatsu, ƙyallen da ke samanta rana da iskar hunturu sun cinye shi, har ruwan goron ya koma fari-fari, koren kuma ya yi toka. Yara na jere, malami na ba da umarni, ana ɗaga tuta. Amma a tambayi ɗan aji shida ranar da aka zaɓe ta, da wuya a samu amsa.

Alhali tarihin ba mai tsawo ba ne. An kafa Jamhuriyar Nijar ranar 18 ga Disamba 1958. Majalisa ta amince da tutar ranar 23 ga Nuwamba 1959, lokacin Diori Hamani na jagorantar gwamnati, Boubou Hama kuma na shugabantar majalisa. Wato tutar ta girmi ƴancin kai na 3 ga Agusta 1960 da wata takwas da ƴan kwanaki. Layi uku ne a kwance: ruwan goro a sama, fari a tsakiya, kore a ƙasa, da da'ira mai ruwan goro a tsakiyar farin. Fassarar da aka saba ji ita ce ruwan goro na nufin hamadar arewa, kore na nufin gonakin kudu da bakin kogin Kwara, fari tsarkin zuciya, da'irar kuma rana. Kwana goma bayan Nijar, Kodebuwa ta ɗauki waɗannan launuka uku, sai dai nata a tsaye suke kuma babu da'ira. Ƙasashen biyu sun shiga ƙawancen Conseil de l'Entente a shekarar 1959 ɗin nan.

Tambarin ƙasa, wanda aka tsayar a 1962, shi ne ya fi kusa da mutanen nan. Tutoci huɗu sun rungume garkuwa, a tsakiyarta rana. A gefe ɗaya mashi da takubba biyu na Abzinawa a gicciye, a ɗaya gefen zangarniyar hatsi uku, a ƙasa kuma kan bijimi mai ƙaho. Ranka ya daɗe, babu ɗaya cikin waɗannan da yaron Tabla zai je Yamai kafin ya gani. Hatsin yana nan a gonakin Dallol Bosso, shi ake dakawa a yi fura. Takobin yana rataye a kafaɗar dattawan Tagazar da Imanan ranar biki ko naɗin sarauta. Bijimin kuwa, ranar Lahadi kasuwar Baleyara cike take da irinsa, kuma a Tukunus, arewa da Filinge, gwamnati ta daɗe da tashar kiwo inda ake kula da shanun Azawak, waɗanda aka san su da yawan nono har a ƙasashen maƙwabta. Waɗanda suka zana tambarin sun ɗauko manomi da makiyayi da mayaƙi suka haɗa su wuri guda, kuma haka Kurfayawa da Zabarmawa da Buzaye da Fulani ke zaune a wannan kwari tun kaka da kakanni.

Abin takaici shi ne yaro na ganin tambarin a kan takardar haihuwarsa da hatimin ofishin magajin gari, yana ɗaukarsa kayan gwamnati, bai san garken babansa aka zana ba.

Ƙasar nan ta nuna tana iya sake duban alamominta idan ta ga dalili. A watan Yunin 2023 aka sauya taken ƙasa na 1961, wanda Bafaranshe Maurice Albert Thiriet ya rubuta baitocinsa, aka kawo sabo. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa. Tutar kuwa ba a taɓa ta ba: ta ga mulkin Diori, ta ga na Seyni Kountché, ɗan Fandu da ke nan ƙasar Filinge, ta ga duk gwamnatocin da suka biyo baya. A ra'ayin mai wannan wasiƙa, daidai ne a bar ta yadda take. Abin da ya rage shi ne a bayyana ta da harshen da yaro ke ji. Kirarin ƙasa ma, zumunci da aiki da ci gaba, da Faransanci kawai yawancin yara suka haddace shi.

Ba a manta da halin da ake ciki ba. Rashin tsaro ya rufe ɗaruruwan makarantu a jihar Tillaberi, an sauke tuta a garuruwa da dama, iyalai sun yi gudun hijira. Wannan ne ma ya sa makarantar da ta rage a buɗe bai kamata ta tsaya da tsumma a kan sanda ba.

Roƙon mutanen nan mai sauƙi ne. A ba kowace makaranta, har da azuzuwan zana, sabuwar tuta a farkon shekarar karatu, a ba telolin Filinge da Baleyara aikin ɗinkin, kuɗin ya zauna a gida. A buga hoton tambarin babba, da bayani cikin Hausa da Zabarmanci da Tamashek da Fulatanci, a manna a kowane aji. Gidajen rediyon karkara kuma su ware ranar 23 ga Nuwamba su ba da tarihin tutar, su gayyato tsofaffin malamai da suka ga shekarun farko na ƴancin kai tun suna da rai. Ofishinku na da ikon ba masu kula da makarantu wannan umarni kafin a koma karatu a watan Oktoba.

Allah ya taimake ku, ya ba jihar nan zaman lafiya.

Daga wani mazaunin Tabla.