Cinikin Biri a Sama

A ranar 8 ga Mayu 2024 mujallar Nature, wadda kowane masanin kimiyya yake mafarkin ganin sunansa a cikinta, ta buga maƙalar da bai kamata ta karɓa ba a yadda aka kawo mata ita. Maƙalar ta kamfanin Google DeepMind ce da ƙanwarsa Isomorphic Labs, kuma tana bayanin wata manhaja mai suna AlphaFold 3, wadda aka ce tana iya hasashen yadda furotin yake rungumar magani ko ƙwayar gado. An kawo hotuna masu kyau da alƙaluma masu burgewa. Abu ɗaya aka hana: ainihin rubutun manhajar, wato umarnin da kwamfuta take bi layi bayan layi har ta fitar da amsa. A madadinsa aka ba duniya taƙaitaccen kwatance, da wani shafin intanet inda mutum zai miƙa tambaya kamar mai roƙo ta taga, sau goma a rana da farko, ba kuma da kowane magani ba. Ɗaya daga cikin masanan da mujallar ta ba wa aikin tantance maƙalar, Roland Dunbrack, ya fito fili ya ce ya nemi a nuna masa rubutun bai samu ba. Ke nan an sa alƙali ya yanke hukunci, shaida kuma tana kulle a ɗakin mai ƙara. A kasuwa wannan shi ake kira cinikin biri a sama.

Kafin mu yi nisa, bari mu faɗi abin da ake faɗa a kai, domin ba ƙaramin abu ba ne. Furotin shi ne ma'aikacin jiki: shi yake ɗaukar iska a jini, shi yake narkar da abinci, shi ne kuma dafin maciji. Kowane furotin tsarkiya ce ta wasu ƙananan sinadarai iri 20 da ake kira amino asid. Tsarkiyar ba ta zama a miƙe, naɗewa take yi ta ɗauki wata siffa, siffar kuma ita ce aikinta. Duk gidan da ya yi jinyar mai sikila ya ga abin da canjin ƙwaya ɗaya tak, ta shida a jerin, yake jawowa a furotin ɗin jini. Gano siffar furotin ɗaya da aikin hannu kan cinye shekaru. Max Perutz ya yi fiye da shekara 20 a Kambirij kafin ya ga siffar wancan furotin na jini. Saboda haka da AlphaFold 2 ta shiga gasar hasashen siffa ta CASP a 2020 ta bar kowa a baya, murnar da aka yi ba ta banza ba ce. A 2024 aka raba lambar yabo ta Nobel a fannin sinadarai: rabi ga Demis Hassabis da John Jumper na DeepMind, rabi ga David Baker na Jami'ar Washinton, wanda tun 2003 shi da abokan aikinsa suka ƙera Top7, furotin mai siffar da ba a taɓa gani a halitta ba. Ba mu da ja a kan cancantarsu.

Jayayyarmu tana kan inda aka samo ilimin. Na'ura mai koyo ba ta san komai ba sai abin da aka ciyar da ita. AlphaFold ta koyi naɗin furotin ne daga wani rumbu da ake kira Protein Data Bank, wanda aka buɗe a 1971 da siffofi 7 kacal, yau kuma ya haura 200,000. Kowace siffa a cikinsa gumin wasu ne, akasarinsu ɗaliban digiri na uku da ba wanda zai tuna sunansu, da kuɗin harajin ƙasashensu. Abin da ya cika rumbun kuwa ƙa'ida ce da masu wannan fanni suka ɗora wa kansu: ba a buga maka maƙala a kan siffar furotin sai ka zuba bayananka inda kowa zai ɗiba kyauta. Shekara 50 ana tara wannan gayya. Kamfani ya zo ya ɗebi hatsin gayya ya yi tuwo, da aka ce ya buɗe tukunya sai ya ce sirrin kasuwanci ne.

Masu kare kamfanin suna da hujja, kuma ba za mu yi kamar ba mu ji ta ba. Suna cewa kuɗinsa ya kashe, ba gwamnati ce ta ba shi ba. Isomorphic Labs ta ƙulla yarjejeniyar neman magunguna da Eli Lilly da Novartis a farkon 2024, to don me zai miƙa wa kishiyoyinsa makamin? Mujallar ma da ta tashi kare kanta wajen nan ta nufa, cewa bincike mai yawa a hannun kamfanoni yake, gara a jawo su su buga wani abu da su ɓoye komai. Mun yarda kamfani yana da ikon riƙe kayansa. Masu lemon kwalba sun fi shekara ɗari suna ɓoye haɗinsu, ba wanda ya kai su ƙara. Amma ba su taɓa zuwa mujallar kimiyya suna neman hatimin masana a kan abin da suka ƙi nunawa ba. Wanda yake son sirri ya ɗauki sirri, wanda yake son hatimi ya buɗe jaka. Haɗa biyun shi ne cin tudu biyu. Laifin mujallar kuwa ya fi na kamfanin, domin ita ce mai tsaron ƙofa, kuma ƙa'idarta ta rubuce tana neman marubuta su ba da manhajar da sakamakonsu ya dogara a kanta. Da wani malami daga ƙaramar jami'a ya aiko da irin wannan maƙala, da ko shayi edita bai gama sha ba ya mayar masa da ita.

Akwai kuma masu cewa ai an yi bayanin hanyar dalla-dalla, rubutun manhaja aikin magini ne kawai, mai ilimi zai iya sake ginawa. Wannan magana ta wanda bai taɓa ganin yadda kwamfuta take yaudarar masana ba ce. A 2006 Geoffrey Chang, matashin masani mai tashe a cibiyar Scripps ta Kalifoniya, ya janye maƙaloli biyar, uku daga cikinsu a mujallar Science. Bai yi ƙarya ba, bai ƙirƙiri sakamako ba. Wata 'yar manhaja da aka rubuta a gida ce ta musanya layuka biyu na alƙaluma, sai siffar furotin ɗin ta fito a juye. Shekara biyar maƙalar farko tana yawo, wasu suna gina bincikensu a kanta, sai da masana a Zurik suka fitar da siffar wani furotin ɗan'uwansa aka ga ba su yi kama ba. Bayanin hanyar da ke cikin maƙalun Chang daidai yake. Kuskuren yana cikin abin da ba wanda ya karanta.

A 2019 aka sake gani. Masu bincike a Jami'ar Hawayi suka lura cewa wata ƙaramar manhaja da masana sinadarai suke amfani da ita tun 2014 tana ba da amsa daban a kwamfutoci daban, alhali tambayar ɗaya ce. Dalilin ba ya wuce yadda kowace kwamfuta take jera fayiloli. Abin lura shi ne an kama wannan kuskuren ne domin rubutun a buɗe yake, ana iya bin sa layi-layi, aka gyara, masu shi ma suka gode. Idan 'yar manhaja mai shafuka kaɗan za ta iya haka, me za a ce da wadda aka horar da dubban siffofi, wadda ko masu ita ba sa iya faɗin dalilin kowace amsa tata? Wannan irin manhaja kan zana siffa mai tsari a inda furotin ba shi da tsayayyar siffa ko kaɗan, kuma marubutan AlphaFold 3 da kansu sun ambaci hakan a maƙalarsu. Wanda zai gano iyakar wannan aibi sai ya riƙe abin a hannunsa ya matsa shi ta kowane gefe, ba ta taga ba.

Ɓoye manhaja da raina masu rubuta ta uwarsu ɗaya. Duka biyun sun fito daga tunanin cewa kimiyya tana cikin maƙala, manhaja kuwa tsintsiya ce da ake jinginewa bayan ƙofa. Duba jerin kayan da AlphaFold 2 ta tsaya a kansu: NumPy, Biopython, HMMER, OpenMM. Duk kyauta ne, a buɗe, mafi yawansu mutanen jami'a da 'yan sa-kai suka gina. NumPy, wadda kusan duk mai lissafin kimiyya da harshen Python yake taɓawa kullum, har da waɗanda suka fitar da hoton farko na baƙin ramin sararin samaniya a 2019, ta fito a 2006, amma sai a 2017 ta fara samun tallafin kuɗi na kirki. Kafin nan mutane ne suke gyara ta da dare bayan sun tashi daga aikin da yake ciyar da su. Jami'o'i kuma, namu da nasu, maƙala suke ƙirgawa ranar ƙarin girma. Wanda ya shekara yana toshe ɓarakar manhajar da dubban masana suke dogaro da ita, a takardar kwamiti bai yi komai ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sakamakon wannan raini har abin dariya ya haifar: a 2020 kwamitin da yake raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan'adam suna ya sauya sunayen wasu, MARCH1 ya koma MARCHF1, saboda Excel tana mayar da su kwanan wata, masana kuma sun kasa daina zuba bayanansu a cikinta.

Mai karatu zai iya cewa wannan rigimar Landan da Amurka ce, ina ruwan Kano da Damagaram. Ga ruwansu. A Janairun 2025 ɗakin binciken Baker, tare da masana daga Danmak, suka buga sakamakon wasu ƙananan furotin da suka ƙera a kwamfuta domin su kama dafin dangin gamsheƙa, kuma sun ceci ɓeraye daga dafin da zai kashe su. Ɓeraye ne, ba mutane ba, tafiya tana da nisa. Amma maganin dafi na yau daga jinin doki ake tace shi, hanyar da ta haura shekara ɗari, ga tsada, ga wahalar ajiya. Ƙaramin furotin da aka ƙera yana jure zafi, ana kuma iya noma shi a cikin ƙwayoyin bakteriya. Sai dai macijin da ya fi cika gadajen asibitin Kaltungo lokacin noma da girbi kububuwa ce, dafinta kuma wani iri ne daban, mai hana jini daskarewa. Wa zai zauna ya ƙera mata nata? Kada mu sa rai da kasuwa. Kamfanin Sanofi ya daina yin Fav-Afrique, ɗaya daga cikin amintattun magungunan dafi na wannan nahiya, a 2014, domin ba riba, ragowar kuma ta lalace a 2016. Manomin da aka sara a gona ba ya cikin lissafin masu hannun jari. Idan za a yi wannan aiki, wani ne a jami'a zai yi shi, da ɗan tallafi, da kayan aikin da ba sai ya nemi izini ba. RFdiffusion da ProteinMPNN, manhajojin da aka ƙera waɗancan furotin da su, a buɗe suke, kowa na iya saukewa ya sauya su yadda dafin da ke gabansa yake buƙata. Taga mai ƙayyade yawan tambaya a rana, da jerin magungunan da kamfani ya zaɓa, ba za ta taɓa yin wannan ba.

Za a ce ai an saki rubutun daga baya. Haka ne. Bayan masana sun rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa suna ƙorafi, DeepMind ya yi alkawarin wata shida, ya kuma cika a Nuwamban 2024, bayan an riga an sanar da Nobel. Amma an sake shi da takunkumi: ba don kasuwanci ba, kuma ma'aunan da manhajar ta koya, waɗanda in babu su rubutun gangar jiki ce ba rai, sai an cika takarda an roƙa. Magani kuwa ba ya isa hannun majinyaci sai wani ya sarrafa shi ya sayar, ko da a kan farashin gwamnati ne. Wannan sharaɗi ya bar ƙofa a buɗe ga mai son buga maƙala, ya rufe ta ga mai son yin magani. Sakin da aka yi ma ba ya wanke mujallar, domin tantancewa kafin bugu ake yin ta. Wata shida maƙalar tana ɗauke da hatimin da ba a biya kuɗinsa ba, kuma duk wani babban kamfani ya ga cewa ana iya yi.

Abin da muke nema bai kai girman rigimar ba. Mujalla ta bi ƙa'idarta ko da wa ya aiko: babu rubutu, babu bugu. Masu ba da tallafi su ware kuɗin gyaran manhaja kamar yadda suke ware na gyaran na'urar ɗakin gwaje-gwaje. Kwamitocin ƙarin girma, har da na jami'o'inmu da suke koyi da na waje ido rufe, su ƙirga manhajar da wasu suke amfani da ita a matsayin aikin ilimi. Kuma ba abu ne mai wuya ba, an riga an nuna. A watan da DeepMind ya saki nasa da sharuɗɗa, wasu masu bincike a MIT suka fitar da Boltz-1, manhaja mai irin wannan aiki, da rubutunta da ma'aunanta gaba ɗaya, a ƙarƙashin lasisin da ya halatta wa kowa, ɗalibi ko mai masana'antar magani, ya ɗauka ya yi aiki da ita.